Auren jinsi ɗaya da sauya sunan iyali: abin da dokoki suka tanada, da abin da ya shafi mazauna ƙetare

A ranar 11 ga watan Satumban 2025, Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta yanke hukuncin cewa miji yana da damar ɗaukar sunan iyalin matarsa bayan aure, kamar yadda ita ma take da damar ɗaukar nasa. Wasu ma'aurata ne suka kai ƙarar, bayan da hukumar cikin gida ta hana wani magidanci ɗaukar sunan matarsa, ta kuma hana wani haɗa nasa sunan da na tasa matar. Kotun ta ce sashen dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 da aka kafa hujja da shi yana nuna bambanci tsakanin maza da mata, ta kuma bai wa majalisar dokoki shekara biyu ta gyara shi.

Waɗanda suka kai ƙarar miji da mata ne. Sai dai hukuncin ya sake tado da wata tambaya da ta daɗe tana bai wa masu yin doka aiki a wasu ƙasashe. Afirka ta Kudu ce kaɗai a nahiyar nan da ta halasta auren jinsi ɗaya, tun watan Nuwamban 2006. Ke nan an kwashe kusan shekara 19 ana ɗaura wa namiji da namiji aure a ƙasar, ko mace da mace, alhali dokar suna tana nan tana magana a kan mace mai ɗaukar sunan mijinta. To idan ma'auratan duka maza ne, ko duka mata, wa zai ɗauki sunan wa?

Tambayar tana kama da ƙarama, amma ita ce ta tilasta wa ƙasashe da dama sake rubuta dokokinsu na suna. Kuma sabbin dokokin sun shafi kowane ma'auraci da ke zaune a can, har da ƴan Nijar mazauna Faransa, Jamus, Birtaniya da Amurka waɗanda aurensu na miji da mata ne kamar yadda aka saba.

Al'adar da ke tafiya ta hanya ɗaya

A yawancin ƙasashen Yamma, mutum yana da sunan yanka da kuma sunan iyali, wanda ake gada daga kaka zuwa uba zuwa ɗa ba tare da ya canja ba. Al'adar da ta yi ƙarfi a Ingila, ta kuma bi Turawan mulkin mallaka zuwa Amurka da sauran wurare, ita ce mace ta ajiye sunan iyalin ubanta ranar aure ta ɗauki na mijinta. Tushen wannan wata tsohuwar ƙa'idar shari'ar Ingila ce da ke ɗaukar miji da mata a matsayin mutum ɗaya a gaban doka, kuma mutumin nan ɗaya shi ne mijin.

An daɗe da watsar da ƙa'idar, amma al'adar tana nan. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 79 cikin 100 na matan da suka auri maza sun ɗauki sunan mazansu, kashi 14 sun riƙe nasu, kashi 5 kuma sun haɗa biyun. A ɓangaren maza, kashi 92 sun riƙe nasu, kashi 5 ne kawai suka ɗauki na matansu.

Saboda haka takardun gwamnati da na banki da na wurin aiki duk an tsara su ne a kan hanya ɗaya, daga mace zuwa miji. Ƙasar Holan ce ta fara halasta auren jinsi ɗaya a ranar 1 ga Afrilun 2001, Beljiyam ta biyo baya a 2003, Sifaniya da Kanada a 2005, yau kuma ƙasashen sun haura 35. A duk inda aka yi haka, sai ma'aikacin rajista ya tarar da ma'aurata a gabansa waɗanda tsohuwar al'adar ba ta ce komai a kansu ba. Zaɓin da ke gabansu huɗu ne: kowa ya riƙe nasa, ɗaya ya ɗauki na ɗaya, su haɗa sunayen biyu, ko su ƙirƙiro sabo. Kowace ƙasa kuma da irin wanda ta yarda da shi.

Amurka: jiha ta ce e, tarayya ta ce a'a

A Amurka, jihohi ne ke ɗaura aure, gwamnatin tarayya kuma ita ke bayar da fasfo da lambar inshorar jama'a. Jihar Masachuset ta fara ɗaura auren jinsi ɗaya a ranar 17 ga Mayun 2004, a lokacin da wata dokar tarayya ta 1996 ta ce gwamnatin Washington ba ta san wani aure ba sai na mace da namiji.

Sakamakon haka, mutum zai sauya suna a lasisin tuƙinsa da takardar auren da jiharsa ta ba shi, amma idan ya kai takardar nan ofishin fasfo sai a ce ba a san ta ba. Sai ya zama yana da suna ɗaya a lasisi, wani daban a fasfo. A 2009 ne ma'aikatar harkokin waje ta sassauta, bayan wata ƙara da aka shigar a birnin Boston. Kotun Ƙoli ta soke wancan sashe na dokar 1996 a ranar 26 ga Yunin 2013, sannan a ranar 26 ga Yunin 2015 ta wajabta wa dukkan jihohi ɗaura auren. A watan Disamban 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a wata doka da ta ƙara tilasta wa tarayya da jihohi amincewa da auren da aka ɗaura bisa ƙa'ida a wata jiha.

Matsalar maza kuwa ta riga wannan. A jihar Kalifoniya, wani ango da ya so ɗaukar sunan amaryarsa ya tarar cewa sai ya je gaban alƙali, ya biya kuɗin kotu, ya buga sanarwa a jarida, alhali mace takardar aure kawai take nunawa. Ƙarar da ya shigar ce ta kai ga dokar daidaita suna ta 2007, wadda ta fara aiki a farkon 2009, ta kuma bai wa kowane ɓangare dama iri ɗaya. Har yanzu dai ƙa'idojin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, musamman ga masu son ƙirƙiro sabon suna, waɗanda a wurare da yawa sai sun bi ta kotu.

Tsarin da aka saba bi a can shi ne a fara da hukumar inshorar jama'a, sai lasisin tuƙi, sai fasfo, sai banki da wurin aiki. Baƙon da ke zaune da katin zaman dindindin yana da ƙarin aiki, domin sai ya nemi a sabunta masa katin da sabon sunan, alhali fasfonsa na ƙasarsa yana nan da tsohon.

Faransa: aure ba ya canja suna

Faransa ce ta fi shafar masu karatu a Nijar, saboda yawan mazauna can da kuma yadda tsarin rajistar ƙasar nan ya samo asali daga nata. A nan kuma akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: a dokar Faransa, aure bai taɓa canja sunan kowa ba. Wata doka ta zamanin juyin juya hali, ta ranar 23 ga Agustan 1794, ta hana ɗan ƙasa amfani da wani suna ban da wanda ke kan takardar haihuwarsa, kuma har yau ba a soke ta ba. Matar da ake kira Madam wance da sunan mijinta, aron sunan ta yi bisa al'ada. A rajista tana nan da sunan da aka haife ta da shi har ranar mutuwarta.

Wannan aron shi ne Faransawa suke kira nom d'usage, wato sunan amfanin yau da kullum, ko a taƙaice sunan aro. A watan Fabrairun 2012 gwamnati ta umurci ma'aikatu su cire kalmomi irin su "sunan budurci" da "sunan matar aure" daga takardun cikewa, su maye gurbinsu da sunan iyali da sunan aro. Shekara guda bayan haka aka zo ga dokar ranar 17 ga Mayun 2013, wadda ministar shari'a ta lokacin, Christiane Taubira, ta kare a gaban majalisa a zamanin Shugaba François Hollande, cikin zanga-zangar masu adawa da ta cika titunan Paris. An ɗaura auren farko a ƙarƙashinta a birnin Montpellier ranar 29 ga Mayun shekarar.

Dokar ce ta shigar da sabon sashe, mai lamba 225-1, a kundin dokokin farar hula. Sashen ya ce kowane ɗaya daga cikin ma'aurata yana iya amfani da sunan ɗayan, ko dai ya maye gurbin nasa da shi, ko ya haɗa su a jerin da ya ga dama. Babu kalmar miji ko mata a ciki. Da wannan ne abin da ya daɗe yana tafiya bisa al'ada ya samu matsuguni a fili cikin kundin, kuma ya zama iri ɗaya ga kowa. Magidanci Bafaranshe da ke son ɗaukar sunan matarsa yana dogara ne da sashen da aka rubuta lokacin muhawarar auren jinsi ɗaya.

Akwai abubuwa huɗu da ya kamata a fahimta game da sunan aro. Na farko, ba dole ba ne, kuma ba ya zuwa da kansa: sai mutum ya nema za a rubuta masa shi a katin ɗan ƙasa ko fasfo, a wani layi dabam, sunansa na asali kuma yana nan a sama. Na biyu, ba ya taɓa takardar haihuwa. Na uku, ƴaƴa ba sa gadonsa. Na huɗu, yana iya tafiya idan aure ya mutu. Sashe na 264 ya ce bayan saki kowa yana rasa damar amfani da sunan ɗan'uwansa, sai in wancan ya yarda, ko alƙali ya ba da izini saboda wani dalili na musamman, kamar mutumin da aka riga aka san shi da sunan a sana'arsa, ko don maslahar ƴaƴa. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Wasu suna rikita wannan da dokar ranar 2 ga Maris 2022, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin shekarar. Ita wannan ta bai wa baligi damar sauya sunan iyalinsa na ainihi sau ɗaya a rayuwa, a ma'aikatar magajin gari, ba tare da ya kawo dalili ba. Amma zaɓin ya tsaya ne a kan sunan uba, sunan uwa, ko haɗin biyun. Sunan miji ko mata ba ya ciki. Wanda ke son wani suna dabam sai ya bi doguwar hanyar ma'aikatar shari'a, ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili, a kuma buga buƙatarsa a jaridar gwamnati.

Batun ƴaƴa kuma da nasa tsarin. Tun farkon 2005 iyaye a Faransa suna iya bai wa ɗa sunan uba, na uwa, ko duka biyun. Dokar 2013 ta ƙara da cewa idan iyayen suka kasa daidaitawa, ɗaya daga cikinsu ya sanar da ma'aikacin rajista, to yaron zai ɗauki sunayen biyu bisa jerin haruffa. Shi ma wannan ya shafi dukkan iyalai.

Jamus, Ingila, Italiya, Japan

A Jamus abin ya sha bamban, domin a can aure yana iya canja suna na ainihi. Ma'aurata suna iya zaɓar suna ɗaya ya zama na gidan. A da, idan ba su daidaita ba, na miji ne ke yin rinjaye, har sai da Kotun Tsarin Mulki ta soke wannan a 1991. Da auren jinsi ɗaya ya fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2017, sai ya tarar da dokar da ba ta fifita ɓangare ɗaya. Daga ranar 1 ga Mayun 2025 kuma an yarda ma'aurata da ƴaƴansu su ɗauki suna mai haɗe biyu gaba ɗayansu.

A Ingila, inda aka fara ɗaura auren ranar 29 ga Maris 2014, doka ba ta ɗaure suna sosai ba. Takardar aure ta isa ga mai son ɗaukar sunan abokin zamansa, mai son ƙirƙiro sabo kuma yana rubuta takardar shelar sauya suna a gaban shaidu.

Italiya ba ta halasta auren jinsi ɗaya ba, amma dokarta ta watan Mayun 2016 ta samar da zaman tare na rajista, ta kuma yarda mutanen biyu su zaɓi suna ɗaya na tsawon zamansu. Daga baya wata dokar zartarwa ta 2017 ta fayyace cewa wannan sunan ba ya canja abin da ke rajista, Kotun Tsarin Mulki kuma ta amince da hakan a 2018. A Sifaniya da lardin Kebek na Kanada kuwa tambayar ba ta ma tasowa, domin aure ba ya canja sunan kowa. A Kebek haka dokar take tun 1981.

Japan ce ke ɗaya gefen. Sashe na 750 na kundin dokokinta ya wajabta wa ma'aurata suna ɗaya, kuma a kusan kashi 95 cikin 100 na aure mace ce ke barin nata. Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 2015 da 2021. Tun da ƙasar ba ta halasta auren jinsi ɗaya ba, wasu masu zaman tare suna bin hanyar ɗaukar baligi a matsayin ɗa: babban ya ɗauki ƙaramin, su samu suna ɗaya da damar gado. Wannan yana nuna abin da mutane suke nema a cikin suna ɗaya. Shaida ce a asibiti da makaranta da wurin rabon gado cewa mutum biyu gida ɗaya ne.

Gurgun suna

A nan ne gizo ke saƙar ga mazauna ƙetare. Masana shari'a a Turai suna da wata kalma ga auren da wata ƙasa ta amince da shi wata kuma ta ƙi: gurgun aure, mai tafiya da ƙafa ɗaya. Haka ma akwai gurgun suna, wanda ke aiki a ƙasar zama amma ƙasar asali ba ta san shi ba.

Dokar Faransa ta 2013 ta yarda mutum biyu masu jinsi ɗaya su yi aure muddin dokar ƙasar ɗayansu, ko ta inda yake zaune, ta halasta. Ke nan baƙo yana iya yin auren a Faransa ko da ƙasarsa ta haramta. Amma sunansa na ainihi yana ƙarƙashin dokar ƙasarsa ne, kuma abin da ke kan fasfonsa shi ne tushen katin zamansa. A Jamus, inda mazaunin ƙasar ke iya zaɓar sunan aure bisa dokar Jamus, mutum yana iya wayar gari da suna ɗaya a rajistar birninsa, wani kuma a fasfonsa. Ofishin fasfo na Birtaniya ma yana buƙatar mai ƙasa biyu ya daidaita sunan da ke kan fasfonsa na waje kafin a ba shi na Birtaniya da sabon suna, sai in ya kawo shaidar cewa dokar ɗaya ƙasar ba ta bari.

Ga miji da mata, wannan matsala ce ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi. Ga ma'auratan jinsi ɗaya daga ƙasashen da suka haramta, ƙofar a rufe take. Dokokin Nijar ba su san irin wannan aure ba, kuma kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya haramta mu'amalar jinsi ɗaya. Saboda haka takardar irin wannan aure ba za ta zama hujjar sauya komai a rajistar ƙasar ba. A Najeriya, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta ce takardar auren jinsi ɗaya da wata ƙasa ta bayar ba ta da daraja, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya ƙulla auren, da shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka. Mali a 2024 da Burkina Faso a 2025 su ma sun shigar da hukunci a dokokinsu.

A irin wannan yanayi, sabon suna a kan takardar tafiya yana iya zama shaidar da mutum ke ɗauke da ita a aljihunsa. Shi ya sa tsarin Faransa, inda rubuta sunan aro a kati yake bisa zaɓi, ya bar wa mutum ƙofar da tsarin canja suna na ainihi ba ya bari. Waɗanda suka samu mafakar gudun hijira kuwa nasu ya bambanta: a Faransa hukumar OFPRA ce ke ba su takardun haihuwa da na aure, domin ba sa komawa ofishin jakadancin ƙasarsu.

Ko da babu batun hukunci, bambancin suna tsakanin takardu yana da tsada. Kamfanin jirgin sama yana son sunan da ke kan tikiti ya yi daidai da na fasfo. Mai biyan kuɗin da aka aiko daga waje yana duba katin mai karɓa harafi da harafi. Takardar fili, shaidar kammala karatu, fansho da rabon gado duk suna rataye da suna. Duk wanda ya taɓa neman biza da takardar haihuwa mai ɗauke da Mahamadou alhali shaidar karatunsa ta ce Mahamane ya san yadda harafi biyu ke cinye watanni.

Yadda abin yake a ƙasar Hausa

A hukuncinta na 2025, kotun Afirka ta Kudu ta yi nuni da cewa ɗaukar sunan miji al'ada ce da mulkin mallaka ya shigo da ita, domin a al'ummomin Afirka da yawa mace tana riƙe da sunan gidansu bayan aure. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

A Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, mutum yana ɗauke da sunan yankansa, sai na mahaifinsa, wani lokaci da na kakansa. Babu sunan iyali guda da ke bin zuri'a ba ya canjawa, domin kowane ɗa da sunan ubansa ake kiran sa. Ƴar Malam Abdu tana nan ƴar Malam Abdu ko ta yi aure sau uku. A al'ada ma, mace ba ta ko ambaton sunan mijinta saboda kunya, sai dai ta ce maigida, ko Malam, ko Alhaji, balle ta ɗora shi a kan nata. Malamai da dama kuma suna kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ahzab, wadda ta sauka kan batun jingina ɗan riƙo ga wanda ba mahaifinsa ba, wajen cewa bai dace mace ta maye gurbin sunan ubanta da na miji ba.

Kiran mace da sunan mijinta ya shigo Nijar ne ta ofis da makarantar boko, bisa salon Faransa. Shi ya sa ake jin Madam wance, a sa sunan miji gaba, sannan nata ya biyo. Misalin da aka sani shi ne na Madam Bayard Mariama Gamatié, mace ta farko da ta yi takarar shugabancin ƙasa a zaɓen 2011. A nan ma, kamar a Faransa, aro ne: takardar haihuwa tana nan yadda take.

Bambancin ya fi fitowa a kan ƴaƴa. A fahimtar Bahaushe, sunan da ke bin na yanka yana amsa tambaya ɗaya ce, wato ɗan wa ne. A tsarin da ƙasashen Yamma suka koma kansa, sunan iyali yana amsa tambayar ko mutum ɗan wane gida ne, gidan kuma ma'aurata ne ke zaɓar masa suna. Wannan ne ya sa muhawarar da ke zafi a Paris ko Tokyo ba ta da gurbi a tsarin suna na Hausa, ko da an ajiye batun haramcin auren a gefe. Amma yaron da aka haifa wa ƴan Nijar a Lyon ko Hamburg yana shiga tsarin can ne tun ranar da aka yi masa rajista, kuma sunan da aka rubuta masa a matsayin na iyali shi ne zai bi ƴaƴansa da jikokinsa.

Abin lura ga ma'aurata mazauna waje

Ra'ayin mafi yawan ƴan Nijar kan auren jinsi ɗaya sananne ne, dokar ƙasa ma ta fayyace matsayinta. Sai dai dokokin sunan da aka sake rubutawa saboda shi su ne ɗan Nijar zai tarar a gabansa ranar da ya je ɗaura aure ko rajistar haihuwa a ma'aikatar magajin gari ta ƙasar da yake zaune. Ma'aikacin da ke wurin ba zai ɗauka cewa amarya za ta bi sunan ango ba. Zai miƙo takarda ne ya ce a zaɓa.

Kafin a cika takardar, akwai tambayoyi uku da suka cancanci amsa. Shin sunan da za a ɗauka na aro ne da ake iya ajiyewa, kamar a Faransa, ko canji ne na ainihi, kamar a Jamus? Shin ƙasar asali za ta rubuta shi a fasfo, ko za a ƙare da gurgun suna? Kuma me zai faru da shi idan aure ya mutu? Ofishin rajistar birnin da ake zaune da ofishin jakadancin ƙasar asali su ne wuraren da ake samun amsa, kuma ya fi kyau a tambaye su kafin ranar ɗaurin aure.

A mafi yawan ƙasashen da aka ambata babu dokar da ta tilasta wa kowa sauya suna, Japan ce ta fita dabam. Matar da ta zaɓi ta riƙe sunan mahaifinta a Faransa ko Amurka ba ta karya wata doka ba, kuma takardunta na gida da na waje za su ci gaba da magana da murya ɗaya. A Afirka ta Kudu kuwa, majalisar dokoki tana da wa'adi har zuwa 2027 ta rubuta sabon sashen da zai maye gurbin wanda kotu ta soke.